Yadda Al'umma da Matasanta Za Su Tsara Sabuwar Makarantar Sakandare, Mataki-Mataki

A garuruwanmu da dama, idan ƙungiyar ci gaban gari ta ƙudura niyyar kafa makarantar sakandare, abin da ake fara yi shi ne a nemi fili a wajen hakimi, a kafa gidauniya, a buga bulo, sai an ɗora kwano sannan wani ya tuna ya tambayi abin da za a koyar a ciki. Amsar kuwa ba ta wuce abin da ake koyarwa a makarantar da ke bakin gari, da irin jadawalinta da irin allonta, har da irin bulalarta. An rubuta wannan jagora ne domin waɗanda suke son su fara daga ɗaya ɓangaren, wato su soma da tambayar irin makarantar da garin yake buƙata, su nemi amsa daga bakin iyaye da masu sana'a da matasan da za su zauna a kan bencin, sa'an nan a zo maganar gini. Bayanin ya shafi babbar sakandare ta shekara 3 a Arewacin Najeriya, wadda ke karɓar ɗalibi bayan ya gama ƙaramar sakandare, kuma na kawo misalai daga wasu wurare inda aka riga aka gwada irin wannan aiki.

Mataki na farko: kafa kwamitin tsarawa

Kwamitin tsarawa daban yake da kwamitin tara kuɗi, kuma kada a bari a haɗa su, domin duk inda aka haɗa su mai bayar da kaso mafi tsoka shi ne zai yi magana ta ƙarshe a kan manhaja, ko da rabonsa da aji ya kai shekara 30. Mutum 12 zuwa 15 sun isa. A samu gogaggen malamin makaranta wanda har yanzu yana riƙe da alli, da malamin addini da jama'a suka yarda da shi, da wakilin mai unguwa ko dagaci, da mata aƙalla 4 waɗanda ba kunya za ta hana su magana ba, da masu sana'a 2 ko 3, sai kuma matasa. Kashi ɗaya cikin uku na kujerun ya zama na matasa ne, maza da mata, masu shekara 14 zuwa 20, kuma a cikinsu a tabbata akwai wanda ya bar makaranta bai gama ba. Shi ne ya fi kowa sanin inda tsohon tsarin yake yoyo.

Wannan ba baƙon abu ba ne a dokar iliminmu. Kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC, tun asali an tanadi kujeru a cikinsa domin wakilan ɗalibai da na mata da na masu sana'a da tsofaffin ɗalibai. Matsalar ita ce yadda ake cike kujerun, domin sau da yawa shugaban makaranta ne ke zaɓo mai ladabin da ba zai ce uffan ba. A Jamhuriyar Nijar, shirin ƙarfafa kwamitocin makarantu na COGES da aka fara a jihar Tahoua a 2004 tare da hukumar JICA ta ƙasar Japan ya ɗora ginshiƙinsa ne a kan zaɓen shugabannin kwamiti ta hanyar ƙuri'ar sirri, kuma wannan darasi ne da ya kamata a ara. Matasa su zaɓi wakilansu da kansu, a rubuce, ba tare da wani babba yana tsaye a kansu ba, kuma a rubuta a takardar kafa kwamitin cewa ƙuri'ar matashi daidai take da ta kowane dattijo.

Mataki na biyu: sauraro, wanda shi ne rabin aikin

A ware wa wannan mataki wata 2 ko 3, kada a yi gaggawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kira babban taro a ƙofar hakimi, a jera kujeru ga manya, samari su tsaya a baya jikin katanga, 'yan mata kuwa ba a ma gayyace su ba, sa'an nan mai gabatarwa ya ce duk mai shawara ya ɗaga hannu. Babu yaron da ya sami tarbiyya da zai miƙe a gaban mahaifinsa da limamin unguwarsu ya ce makarantar da suka tura shi ba ta tsinana masa komai ba. Idan aka matsa masa zai ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da iyayenmu suka yanke shi ne daidai," a tafa masa, a rubuta a rahoto cewa an tuntuɓi matasa. Babban taro yana da amfaninsa, wato sanar da jama'a da neman albarkar manya, amma ba a nan ake jin gaskiya ba.

Gaskiya tana fitowa ne a ƙananan zama na mutum 6 zuwa 8, 'yan mata su kaɗai tare da mace, samari su kaɗai, iyaye mata a cikin gida bayan la'asar, masu sana'a a bakin shagunansu. Mafi kyau kuma a koya wa wakilan matasa yadda ake tambaya, a ba su littafi da biro, su je su yi hira da tsaransu, kowanne ya ji daga mutum 10. A guji tambayar "wace irin makaranta kake so", domin wanda bai taɓa ganin wata iri ba zai kwatanta wadda ya sani ne, ya ƙara mata fenti da fanka. A tambayi abin da ya riga ya faru: ranar da ka fi jin daɗin makaranta, me aka yi a ranar? Wane abu ka iya sosai, kuma wa ya koya maka shi, a ina? Yaushe ka fara fashin zuwa, me ya jawo? Idan ka rasa gane darasi, wa kake tambaya? Daga irin waɗannan tambayoyi ne za a ji cewa yaron da ake kira daƙiƙi a aji ya iya kwance injin ban ruwa ya mayar, kuma ya koya ne cikin wata 4 a wajen wani makanike da bai taɓa dukansa ba.

Akwai wata dabara da nake ganin ta fi kowace tasiri a kan manya, ita ce kowane babba a kwamitin ya nemi izinin wata makaranta ya bi ɗalibi guda na yini ɗaya, tun daga taron safe har tashi, ya zauna inda yake zaune, kada ya fita sai ya fita. Wanda ya yi haka zai ga abin da rahoto ba ya nunawa. Zai ga darasi na farko ya wuce malami bai shigo ba, na biyu kuma an cika allo da rubutu an ce a kwafa, mutum 4 a benci ɗaya har na gefe yana rubutu a kan gwiwarsa. Zai ji yadda zafin kwano yake sauka a ka da ƙarfe 12, ya lura cewa tun safe babu wanda ya kira sunan yaron da yake bi, ya kuma ga yarinyar da ta nemi izini ta tafi gida ba ta dawo ba saboda banɗakin makarantar ba shi da ƙofa kuma ba ruwa. Dattijon da ya wuni a haka ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a zama na gaba.

Bayan an gama, a tattara duk abin da aka ji, a rubuta kowace magana a ƙaramar takarda, a baje a kan tabarma, a haɗa masu kama da juna. Galibi za a ga sun taru a wuri 5 ko 6. Sai a koma wa waɗanda aka yi hira da su a karanta musu, a tambaye su ko haka suka faɗa. Wannan komawar tana da muhimmanci, domin mutanenmu sun gaji da masu zuwa da takarda su yi tambaya su tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu.

Mataki na uku: ƙidayar abin da garin yake da shi

Matasan kwamitin su zaga gari su rubuta duk wurin da ake iya koyon wani abu: asibiti ko ɗakin shan magani, injin casar shinkafa, shagon gyaran waya, masu haɗa sola, teloli, maƙera, likitan dabbobi, ofishin malamin gona, gidan rediyo idan akwai. A rubuta sunan mai wurin, da yawan yaran da zai iya ɗauka, da ko zai karɓi mace. Makarantar da ke kusa da Kura ko Kadawa tana da noman rani a ƙofarta, ta Dawanau tana da babbar kasuwar hatsi, ta cikin birnin Kano tana da kasuwar waya ta Farm Centre da Kantin Kwari da marinar Ƙofar Mata, ta Kaduna tana da kasuwar masu sana'ar hannu ta Panteka, ta Zariya kuma tana da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ta dabbobi a Shika. A haɗa da jerin 'yan asalin garin da suka yi ritaya, domin tsohuwar nas ko tsohon injiniyan hukumar ruwa da ke zaune a gida dukiya ce da ba a saya da kuɗi ba.

Mataki na huɗu: a rubuta siffar wanda zai gama makarantar

Kafin a taɓa maganar darussa, kwamiti ya amsa tambaya guda a shafi ɗaya tak: yaron ko yarinyar da ta shekara 3 a wannan makaranta, me za ta iya yi ranar da aka yaye ta? A rubuta da kalmomin da za a iya gwadawa. Kalmomi irin su nagarta da hazaƙa da kishin ƙasa suna da daɗin ji amma ba wanda zai iya auna su. Abin da ake so shi ne irin wannan: ta karanta takardar yarjejeniya da Hausa da Ingilishi ta bayyana abin da ke ciki, ta riƙe littafin shiga da fitar kuɗi na ƙaramar sana'a, ta tsaya gaban mutum 50 ta yi bayani na minti 10, ta iya sana'a ɗaya har a biya ta, ta kuma sami kiredit 5 da suka haɗa da Ingilishi da lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO.

Wannan na ƙarshen ba abin sasantawa ba ne. Duk sabon salon da za a kawo, idan ɗalibi ya fita ba shi da sakamakon da zai ba shi damar neman gurbi ta hannun JAMB, an cuce shi, kuma iyaye za su kwashe 'ya'yansu tun kafin a yaye rukuni na biyu, suna da gaskiya kuwa. A nan ne kuma za a yi gardama mafi zafi tsakanin manya da matasa, domin iyaye sukan nace a kan tarbiyya da addini da sakamako, matasa kuma a kan kwamfuta da sana'a da a daina wulaƙanta su a gaban jama'a. Kada shugaban kwamiti ya yi saurin kashe gardamar. Idan aka bar ta ta nuna za a ga buƙatun ba sa karo da juna, abin da ke karo shi ne lokaci, wato wanne za a ba awa nawa a mako.

Mataki na biyar: salon koyarwa da jadawali

A Amurka an yi gwaje-gwaje da suka cancanci a duba, ba don a kwafa ba, sai don a ga cewa abin yana yiwuwa. A 1996 Dennis Littky da Elliot Washor suka buɗe makarantar da ake kira The Met a birnin Providence na jihar Rhode Island. A can ɗalibi yana kwana 2 a kowane mako a wajen makaranta yana koyon aiki a hannun wani gwani, kuma ana raba ɗalibai rukuni-rukuni na kimanin mutum 15 a ƙarƙashin malami guda da zai riƙe su har su gama, ya san gidan kowa da damuwar kowa. A ƙarshen zango ɗalibi yakan tsaya gaban iyayensa da malaminsa da ubangidansa na wajen aiki ya nuna abin da ya yi. A 2000 kuma aka buɗe High Tech High a San Diego bayan wasu 'yan kasuwa da masu masana'antu sun koka da rashin ƙwararrun ma'aikata. Shugabanta na farko, Larry Rosenstock, tsohon malamin kafinta ne, kuma ya gina makarantar a kan haɗa aikin hannu da na ƙwaƙwalwa, inda malaman darussa daban-daban ke haɗuwa su ba ɗalibai aiki guda mai tsawo, ana kuma ɗaukar ɗalibai ta hanyar ƙuri'a ba jarrabawar shiga ba. Daga baya, a 2015, Laurene Powell Jobs da Russlynn Ali suka ƙaddamar da gasar XQ, wadda ta nemi al'ummomi su kafa ƙungiyoyi su tsara sabuwar sakandare, tare da sharaɗin a nuna an saurari matasa. Ƙungiyoyi kusan 700 suka miƙa tsarinsu, a 2016 aka zaɓi 10 aka yi wa kowace alkawarin dala miliyan 10 cikin shekara 5.

Mu ba mu da dala miliyan 10, amma abubuwan nan guda uku, wato koyon aiki a waje, da malami mai riƙon rukuni, da nuna aiki a bainar jama'a, ba kuɗi suka fi ci ba, tsari suke ci. Na farkon ma namu ne tun kaka da kakanni, domin yaron shago da ubangidansa da bikin yaye sun girmi makarantar boko a ƙasar Hausa. Kuma muna da namu tarihin ƙirƙira: a 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa domin magance ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan jiha, ta ba su hukuma tasu, kuma duk wanda ya san asibitocin Kano da Jigawa ya san abin da suka haifar. Sirrinsu shi ne an san matsalar da ake son warwarewa, aka gina komai a kanta.

A jadawali ne sabon tsari yake rayuwa ko ya mutu. Idan aka bar mako a yanke shi gunduwa-gunduwa, darasi 8 na minti 40 kowace rana, to babu inda aikin hannu ko bincike zai shiga, kome kyawun abin da aka rubuta a takarda. Ga wani fasali da kwamiti zai iya farawa da shi ya gyara. Kowace safiya a ba malamin riƙo minti 20 da rukuninsa. Daga Litinin zuwa Laraba a yi darussan jarrabawa a zama masu tsawo na minti 80, domin a sami damar bayani da gwaji da gyara a zama ɗaya. Alhamis ɗalibai su wuni a wajen koyon aiki, malaman riƙo kuma su bi su a kan babur su ga abin da ake yi, su sa hannu a littafin kowa. Juma'a da safe a yi aikin rukuni kafin a tashi masallaci. A aji na ƙarshe, daga zango na biyu, a janye ranar Alhamis a mayar da ita bitar jarrabawa.

Aikin rukuni kuwa a ɗauko shi daga matsalar gari. A ce rijiyoyin wata unguwa ruwansu ya soma canza ɗanɗano. Malamin kimiyyar sinadarai ya jagoranci gwajin ruwan, na lissafi ya koyar da yadda ake jera alƙaluma a zana su, na labarin ƙasa ya sa a zana taswirar rijiyoyin da nisansu da masai da kwatami, na Ingilishi ya sa a rubuta wa ƙaramar hukuma wasiƙa, na Hausa kuma a shirya bayanin da za a karanta wa matan unguwa. Kowane ɓangare a ɗaure shi da wani babi na manhajar NERDC, wato hukumar da ke tsara manhajar makarantu ta ƙasa, a rubuta lambar babin a gefe, domin ranar da mai duba makarantu ya zo daga ma'aikatar ilimi a nuna masa cewa ba a kauce ba. Manhajar ƙasa ma ta buɗe wannan ƙofa, domin tun 2011 aka wajabta wa ɗalibin babbar sakandare ɗaukar darasin sana'a guda, kuma gyaran da aka sanar a 2025 ya taƙaita sana'o'in zuwa 6, cikinsu har da haɗa sola, da ɗinki, da kiwo, da gyaran kwamfuta da waya. Wanda ya zurfafa a sana'a yana iya ƙarawa da jarrabawar NABTEB, wato ta fasaha da kasuwanci.

Game da tura ɗalibai waje, a yi hattara ƙwarai. A rubuta yarjejeniya da kowane ubangida a gaban mai unguwa, a fayyace cewa an kawo yaro koyo ne, ba aike da sayo abinci ba. Kada a tura yarinya ita kaɗai, a tura su bibbiyu ko fiye, kuma a fifita wuraren da mata ke shugabanta ko suke aiki. Uba ko uwa su je su ga wurin da idonsu kafin su sa hannu.

Mataki na shida: gwaji kafin buɗewa

A dogon hutun ƙarshen shekara a ari aji 2 a wata makarantar firamare ko Islamiyya, a tara yara 30 da suka gama ƙaramar sakandare, a gudanar da tsarin na mako 4 kamar gaske. Kowace Juma'a a zauna da su a tambaye su abin da za a bari da abin da za a sauya, a kuma sauya shi a mako mai zuwa domin su ga maganarsu tana aiki. A nan za a gane cewa zaman minti 80 yana gajiyar da malamin da bai saba ba, ko cewa ranar kasuwar garin ta faɗo a Alhamis kuma masu shago ba su da sukunin koyarwa. Gara a gano wannan da yara 30 a aron aji da a gano shi bayan an karɓi kuɗin iyaye 200.

Mataki na bakwai: rajista da amincewar hukuma

A yi wa ƙungiyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC a matsayin amintattu, domin fili da asusun banki su kasance da sunan ƙungiya. Filin da aka bayar kyauta ko waƙafi a rubuta shi, magada su sa hannu, a nemi takardar mallaka, saboda mai kyautar ba zai dawwama ba kuma 'ya'yansa ba lalle su ga abin yadda ya gan shi ba. Daga nan a nemi izinin ma'aikatar ilimi ta jiha ko hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu da na al'umma, tun kafin a fara gini, a karɓi jerin sharuɗɗansu a rubuce. Amincewar WAEC da NECO daban take da ta jiha, sukan zo su duba ɗakunan gwaje-gwaje da ɗakin karatu da zauren jarrabawa, kuma suna buƙatar makin gwajin ɗalibi na cikin makaranta tun daga ajin farko na babbar sakandare. Makarantar da ta yi sakaci da wannan takan ƙare da kai ɗalibanta wata cibiya su rubuta jarrabawa da sunan wata makaranta, kuma ta wannan ƙofa ce satar amsa take shigowa.

Tun a nan kuma a yanke shawara ko makarantar za ta ci gaba da zama ta al'umma, ko za a nemi gwamnati ta turo malamai, ko a miƙa mata gaba ɗaya. Kowanne da farashinsa. Idan gwamnati ta karɓa an huta da albashi, amma ita za ta turo shugaba ta kuma ɗauke shi ranar da ta ga dama, jadawalin da aka sha wahala a kansa yana iya tafiya tare da shi.

Mataki na takwas: malamai da kuɗi

A ɗauki shugaban makaranta aƙalla wata 6 kafin buɗewa, ya zama yana cikin masu gwajin hutu. Wajen ɗaukar malamai a nemi masu rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, amma kada a tsaya a takarda. Kowane mai nema ya koyar da darasi na minti 30 ga ɗalibai na gaske, bayan ya fita a tambayi ɗaliban abin da suka gane da yadda ya amsa wa wanda ya yi kuskure, a sa ra'ayinsu cikin makin. Wasu manya za su ga wannan kamar raini ne ga malami. A ganina ba haka ba ne, domin mai sayen goro ma yakan ɗanɗana, kuma malamin da ya ji haushin a tambayi yara game da shi ya riga ya nuna bai dace da wannan makaranta ba. A saka awa 2 a kowane mako cikin jadawali domin malamai su zauna tare su shirya aikin rukuni, a cikin lokacin aiki, ba bayan an tashi ba.

A fara da kaɗan. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce kada aji a sakandare ya wuce ɗalibai 40 ga malami, don haka aji 2 na ɗalibai 80 a shekarar farko sun isa, a riƙa ƙara rukuni ɗaya kowace shekara har a cika 240. Wajen lissafi a tuna cewa albashi na wata 12 ne, kuɗin makaranta kuwa sau 3 ake karɓa, kuma ba kowa zai biya a kan kari ba. Gidauniya takan gina aji domin mai bayarwa yana son ya ga abin da zai nuna, amma da wuya ta biya albashin watan Agusta. Saboda haka kafin a buɗe a tanadi albashin wata 6 a asusu, a kuma nemi abin da zai riƙa kawo kuɗi a kai a kai, kamar shagunan haya na waƙafi ko gona. A ware gurabe ga marayu da marasa ƙarfi tun a takardar kafawa, a kuma liƙa bayanin shiga da fitar kuɗi a allon sanarwa kowane zango.

Mataki na tara: gini da tsaro

Yanzu ne aka zo gini, kuma yanzu an san abin da za a gaya wa mai zane. A ba matasa zanen su duba kafin a haƙa tushe, musamman 'yan mata, su faɗi inda banɗakinsu zai kasance da inda ƙofarsa za ta kalla. A yi tagogi masu fuskantar juna domin iska, a sa silin, a dasa darbejiya tun ranar da aka auna fili. A sayi tebura da za a iya ja a haɗa maimakon dogon benci mai ƙusa a ƙasa, a tanadi rumfa mai faɗi ta aikin hannu da ɗakin ajiya mai kulle, da rijiyar burtsatse. Sace ɗaliban da aka yi a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021 ya isa ya sa a yi tunani sau biyu kafin a kafa makarantar kwana a bayan gari don kawai fili ya fi araha a can. Makarantar jeka-ka-dawo a cikin jama'a, mai katanga da ƙofa ɗaya, wadda yarinya za ta isa da ƙafa cikin minti 20, ta fi sauƙin samun yardar iyaye, ta kuma fi kusa da shagunan da za a je koyon aiki.

Mataki na goma: bayan an buɗe

Ranar da aka yanke kyalle kwamitin tsarawa ya gama aikinsa, sai a rushe shi a kafa hukumar gudanarwa, amma kujerun matasa su bi su zuwa can, a rubuce a kundin tsarin makarantar: ɗalibai 2, mace da namiji, waɗanda ɗalibai suka zaɓa, daga baya a ƙara tsohon ɗalibi guda. A fayyace abin da suke da ƙuri'a a kansa, kamar dokokin ladabtarwa da jadawali da zaɓen ayyukan rukuni, da abin da za su fita a tattauna ba su, kamar matsalar wani malami ta ƙashin kansa. A ƙarshen kowane zango a raba wa ɗalibai takarda marar suna mai tambaya 5, ɗaya daga ciki ita ce ko akwai wani babba a makarantar da ya san su sosai, a karanta sakamakon a taron iyaye tare da abin da za a gyara.

A wannan rana ce kuma za a yi baje kolin ayyuka. A gayyaci hakimi da limamai da iyaye da iyayen gidan da suka koyar da sana'a, amma a ba ɗalibai lasifika, manya su zauna su yi tambaya. A ajiye shafin nan na mataki na huɗu a kan tebur, duk ɗalibin da ya gama bayani a duba a ga wane layi ya cika, wanne ya rage masa kafin zango mai zuwa.